Zauren da Takwarata Ta Gina wa Wayata

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci. Wadda zan ba ku yau ba tatsuniya ba ce, a tsakar gidanmu aka yi ta a Birnin Kudu, ina zaune a kan tabarma ina kallo. Ni ban yi boko ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, in an gama a karanta mini in ji ko an yi mini ƙari.

A Zandam aka haife ni, can ƙasar Gwaram, aure ya kawo ni nan tun ana ce mana mutanen jihar Kano. Da maigidana Malam ya rasu ya bar mana gida mai sassa uku. Ɗaya ni ce a ciki, ɗaya babban ɗana da iyalinsa, na bakin rijiya kuwa muka ba wata malamar asibiti haya. Kirista ce, 'yar wajen Filato, Sista kowa ke ce mata. Ta zo da 'ya'yanta suna rarrafe, ga su yanzu sun fi ta tsawo. In sun yi Kirsimeti shinkafarta ɗakina take fara shigowa, in mun yi layya cinya guda tata ce. Ita ke auna mini jini, ita ke yi mini faɗa a kan gishiri.

Jikata, 'yar babban ɗan nan nawa, sunana ta ci, don haka Takwara nake ce mata. Tana aiki a Kano, wai bincikar manhajojin waya take kafin a sake su ga jama'a, ta gano inda suke ɗingishi. Ita ta sayo mini babbar waya mai shafawa, don in riƙa jin muryar dangi. Ta koma ba ta zuba mini lambobi ba, sai Sista ta zauna ta yi mini.

To ku lura da nan, don daga nan abin ya taso. A al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta kama na suruki, ba ta kama na wanda ya ci sunan mijinta ko na mahaifinta. Rabin dangina ke nan ba na iya furta sunansu, kowa da abin da nake kiransa a bakina ko a zuciyata. Sista ta ce, "Mama, me zan rubuta a wannan?" Ni kuwa in faɗa, ta rubuta, ta liƙa ɗan hoto a gefe yadda zan gane. Ƙanwata ta Kiyako, Autar Inna. Yayana na Maruta, wanda yanzu limami ne da gemu fari fat, Mai Jaki, saboda wani jaki da ya kayar da shi muna yara. Da muka zo kan uwar matar ɗana na ce a sa Sarkin Ƙorafi. Sista ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Mama, Allah ya shirye ki." Da muka zo kan ɗan nawa na faɗa mata wani abu a hankali. Ta kalle ni, ba ta yi dariya ba, ta rubuta.

Daga ni sai ita sai Allah muka san abin da ke cikin wayar nan.

Damina ta sauka, ana noman farko, sai ga ƙanwata ta yo aike. Wai wani ya kira ta da murya mai ladabi ya ce, "Da Autar Inna nake magana? Yayarki ce ta ba ni lambarki, an sa ki cikin masu samun tallafi. Wasu lambobi za su shigo miki yanzu, ki sa a karanto mini." Jin sunan da ba mai kiranta da shi sai ni, ta saki jiki, aka karanta masa. Kafin azahar manhajar da take hira da ita ta mutu a hannunta, ta tashi a hannun wani, yana bin mutane da hotonta yana roƙo.

Ba a jima ba aka kira yayan nan nawa liman. Yana cikin manyan mutane a ƙofar gida aka ce masa, "Malam Mai Jaki ne?" Ya kashe wayar, ya kira ni, ya ce, "Ke, shekara nawa yanzu, ba ki bar maganar jakin nan ba, har kina raba wa 'yan birni?"

Sai kuma aka kira surukata, uwar matar ɗana. Mai kiran ya zaci sarauta ce ta gaske, har da "ranki ya daɗe" ya haɗa mata. A ranar matar ɗana ta shigo ɗakina ba sallama, idonta jajur. Ta ce, "Inna, na ji, ke kika sa mata sunan. Wannan tsakaninku ne, ku manya. Amma wa ya fitar da shi waje? Ke dai ba ki iya karatu ba. Wa ya rubuta? A ɗakin wa wayar take kwana?"

Amsar tana bakin rijiya. Wutar lantarki ba ta zama a unguwarmu, Sista kuwa tana da sola a kan rufinta, wajenta nake kai wayar ta sha caji.

Zato mugun baƙo ne a ɗakin tsohuwa. Da ya shigo mini sai na fara ganin abin da da ba na gani. Na ga solar nan sabuwa ce, na ce da me ta saya? Na ji tana waya da yarensu tana rage murya, na ce da wa? Ta zo auna mini jini ta ce ya hau, na ce a raina, ai kin san abin da ya hau da shi. Na daina kai mata wayar, na riƙa aikawa shagon bakin titi. Ta lura. Gaisuwarta ta gajarce.

Babban ɗana ba mai yawan magana ba ne, amma in ya yanke ya yanke. Ya tsaya a ƙofar ɗakina, yana fuskantar gefe kamar yadda ya saba, ya ce, "Inna, na gaya wa Sista. In watan nan ya mutu ta nemi wani gida." Ban yarda da ita ba, amma ban yarda a fitar da ita a kan abin da ba wanda ya gani da ido ba. Na sa aka kira mini Takwara, na ce ta zo.

Ta iso da hantsi ranar Asabar, jaka a bayanta kamar mai tafiya fatauci. Ta ce, "Tsohuwa, an ce kin buɗe gidan rediyo, kina raba wa mutane sarauta."

Na ce, "Ja'ira, ke kika kawo mini masifar nan cikin kwali. Zauna ki kwashe abinki."

Ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, ta buɗe kwamfutarta. Na ce me za ta yi, ta ce, "Kaka, wayar nan gida ce mai 'yan aike da yawa. Kowace manhaja tana da nata. Suna fita suna shigowa ta intanet, ke ba kya ganinsu, don kowa ta katanga yake bi. Zan gina musu zaure guda a cikin kwamfutar nan. Furoksi muke ce masa. Duk mai fita sai ya bi ta nan, ya sauke kayansa, in ga daga wa yake, ina za shi, me ya ɗauko."

Na ce, "Su kuma sai su yarda?"

"Zan gaya wa wayar cewa daga yau babu wata ƙofa sai wannan."

Ta kunna wayafai daga tata wayar, ta ɗaura tawa da kwamfutar a kansa, ta shiga cikin tawa ta rubuta wasu lambobi, wai adireshin zauren ne. Sannan ta ce saura abu guda. Yawancin 'yan aiken nan kayansu a kulle suke, sai ta sa wa wayar wani satifiket, kamar mabuɗi, sannan za su bari a buɗe.

Nan na dafe hannunta. Na ce, "Tsaya. Wato in kin sa mabuɗin nan, duk abin da ke fita daga wayata kina gani?"

"Kusan duka."

"To me ya raba ki da ɓarawon?"

Ta daina murmushi. Ta ce, "Izininki, Kaka. Shi ya sa nake yi a gabanki. In kin ce a'a, in rufe."

Na dube ta da kyau. 'Yar ɗana ce, amma kuma matarsa ce ta haife ta, uwar tata kuwa ta riga ta yanke wa Sista hukunci. Ni ba karatu ba, duk abin da ta ce allon ya ce, shi ya ce. Na ce, "Sa. Amma ba za ki karanta ke kaɗai ba."

Allah da ikonsa, tana fara aiki kwamfutar ta yi ƙara, wai cajinta ya kusa ƙarewa, ta manta ba ta cika ta a Kano ba. Wuta babu. Sola ɗaya ce a gidan. Muka dubi juna. Ni na tashi da kaina, na ja ƙafa zuwa bakin rijiya. Sista na tsugune tana ɗaure tukwane cikin buhu, ta riga ta fara haɗa kaya. Na ce, "Wuta muke roƙo." Ba ta ɗago ba. Ta shiga ɗaki, ta kashe fankarta, ta miƙo wayar wuta ta taga. Muka dawo da tabarmar ƙofarta. Na ce, "Ki zauna ki gani, ke ma kin iya karatu." Ta ce, "A matsayin wa, Mama? Mai shaida ko wadda ake tuhuma?" Na ce, "Zauna dai." Ta zauna nesa kaɗan, hannu a rungume.

Wayar na ajiye a kan tabarma, ba mai taɓa ta. Sai ga layuka suna zubowa a allon kwamfutar, ɗaya bayan ɗaya, kamar tururuwa ta sami sukari. Na ce, "Wa ya aike su?" Takwara ta ce ba kowa, haka suke yi ko ina barci. Wannan agogo ne ya je tambayar lokaci. Wannan ya je tambayar ko za a yi ruwa. Waɗannan masu talla ne. Ashe abin da nake sawa ƙarƙashin matashina kasuwa ce ke ci a cikinsa.

Ta riƙa buɗe manhajojin ɗaya ɗaya, tana danna kowane layi, ya baje kayansa a gefe, ta karanta. Ta karatun Alƙur'ani ta fita da salama. Ta hira kuwa ta ƙi bin zauren sam, ta tsaya cik. Na ce, "Ga ɓarawon nan, mai ƙin a duba shi." Ta ce a'a, wannan taka-tsantsan ne, ba ta yarda da mabuɗin kowa sai na masu ita, kuma hakan ya fi. Ban gamsu ba, amma na bari.

Rana ta take, muka matsa inuwa. Ba a ga komai ba. Matar ɗana ta leƙo daga sashensu ta ce, "Ai wanda ya kwafa da hannu ba zai fito a na'ura ba." Sista ta ji, ba ta motsa ba. Ni ma abin da matar ɗana ta faɗa shi ne a raina.

Sai Takwara ta shafa fuskar wayar gefe, ta sake shafawa, ta kai wani shafi da ban taɓa sanin akwai shi ba, don ni inda hotunan mutanena suke nan na tsaya. Abu ɗaya ne a wurin, da hoton zangarniyar masara. Ta ce, "Kaka, wannan fa?" Na ce ban san shi ba. Ta kalli Sista. Sista ta ce, "Ban taɓa ganinsa ba." Na ce a raina, ai haka za ki ce.

Takwara ta taɓa shi. Nan take wani layi ya faɗo a allon, ta ce wannan ya fi sauran nauyi, kuma ko kulle kayansa bai yi ba. Ta danna. Na ga rubutu ya cika gefen allon har yana gangarawa ƙasa. Ta fara karantawa da ƙarfi: lambar wane, Autar Inna, lambar wane, Mai Jaki. Duk mutanena, a jere, ana fita da su zuwa wani wuri da ta ce ba ta san mai shi ba. Na ce, "Innalillahi." Ta ce, "Bari in ga saman kayan, galibi akwai bayanin wanda ya yi rajista." Ta ja rubutun sama.

Sai hannunta ya tsaya.

Ni ban iya karanta allo ba, amma na yi shekaru ina karanta fuskar yarinyar nan. Na ga wuyanta ya sanƙare. Sista ta miƙo kai ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tashi ta koma wajen tukwanenta. Takwara ta kai hannu za ta rufe kwamfutar.

Na ce, "Kar ki soma. Karanta."

"Kaka, mun ga ɓarawon. Sai mu goge shi kawai."

"Wa ya buɗe masa ƙofa?"

"Na'ura ba ta nuna hannu."

Na ce, "Ke da ita kun haɗa baki ke nan? Ɗaya ta gani ta tashi, ɗaya ta gani za ta rufe. Ni ce makauniyar da za a yi wa rufa-rufa a gidana?" Har ga Allah a lokacin na zaci Sista ce, yarinyar kuma tana jin nauyin wadda ta goya ta.

Muna cikin haka sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Babban ɗana ya shigo daga kasuwa. Ban dube shi ba, ba na yi masa magana kai tsaye a gaban mutane. Na ce wa Takwara, "Ki ce wa ubanki ya zo ya karanta mini abin da ke da baƙuwarmu kuka kasa."

Ya tsuguna, ya sa tabarau. Turancinsa ba yawa, amma ya isa. Ya karanta a hankali: manomi, gona a Zandam, riɗi da gero, neman taki. Muryarsa ta yi ƙasa. Lambar da ke biye tasa ce.

Ashe da bazara wani saƙo ya zagaya wayoyin manoma, wai za a ba da taki da rahusa, amma waya ɗaya rabo ɗaya. Shi kuwa gonar gado ta Zandam ta gaji, yana neman abin da zai ba ta. Ya sa manhajar a wayarsa, ya sa a ta matarsa, ranar da na tafi barka Kiyako na bar tawa a gida ya sa a tawa. Ta tambaye shi izinin ganin lambobi, ya danna e, don a ba shi wuri ya wuce. Takin bai zo ba, shi kuma ya manta. Mutanen wayarsa ma an yi ta kiransu duk damina, amma da sunayensu na yanka, ba wanda ya kawo komai a ransa. Mutanena ne kaɗai sunayensu suka zo da shaidar ɗakin da aka ɗauko su.

Bai tashi ba. Na ga yatsansa yana jan rubutun ƙasa, yana bin mutanena ɗaya ɗaya, har ya tsaya a wani layi. Na san inda ya tsaya. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yabonsa a gaban kowa ba, goyonsa ma kakarsa ce ta yi. Abin da na faɗa wa Sista a hankali ranar nan, Sanyin Idona ne. Na juya na fuskanci katanga. Ya daɗe a tsugune, sannan ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

Ya tashi ya je ƙofar Sista, ya rage tsawo, ya ce, "Sista, na zalunce ki. Ki kwance kayanki, don Allah."

Ta ce, "Alhaji, in kwamfutar ta cika a ba ni wutata. Zafi nake ji."

Da ya fita ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Mama, nasa bai yi mini ciwo ba, namiji ne, an zuga shi. Ke da na san hawan jininki da saukarsa, ranar da kika aika wayarki bakin titi, ranar na fara neman buhu."

Na kai ido kan buhun tukwanenta.

Takwara ta goge mai zangarniyar daga wayoyin uku. Na ce a dawo da abin da ya riga ya fita, ta ce wannan ba mai iyawa, sai dai a gargaɗi dangi kada kowa ya ƙara karanta wa baƙo lambobi. Na ce to ta rushe zaurenta, ta zare mabuɗinta. Ta ce ta yi. Na ce ban gani ba. Na miƙa wa Sista wayar na ce ta duba mini. Ta mai da hannuwanta baya, ta sunkuyo ta duba daga tsaye, Takwara na nuna mata wurin. Ta ce, "An cire." Amma ba ta karɓa ba.

Ga yadda kowa ya ƙare. Takwara ta koma Kano washegari, yanzu ta yi aure, tana nan tana tare 'yan aike a zaurenta, in ta zo sai ta shafa wayata har shafin ƙarshe kafin ta gaishe ni. Ƙanwata ta Kiyako ta sake layi, ta koma ƙaramar waya mai maɓallai. Liman ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, sai da ya yafe mini jakin. Surukata ba ta ƙara taka gidan nan ba sai ranar suna, in ta zo kuwa mu gaisa kamar baƙi. Matar ɗana ta kai wa Sista kwanon dambu, aka karɓa, aka dawo da kwanon a wanke. Babban ɗana ya zuba wa gonar Zandam takin gida, yana nan yana noma riɗinsa. Bai taɓa ɗaga maganar abin da ya gani ba, ni ma haka, sai dai yanzu in ya zo gaishe ni yana ɗan daɗewa a bakin ƙofa. Mai murya mai ladabi ba wanda ya san ko waye, wataƙila yana can yana kiran wasu.

Sista ta kwance buhunanta, tana nan a bakin rijiya. Tana auna mini jini, tana yi mini faɗan gishiri, shinkafar Kirsimeti ba ta fasa ba. Wayata ma ta koma shan caji a solarta. Amma ni nake zuwa in sa da hannuna ta taga, ni nake zuwa in cire. Har yau ba ta ƙara taɓa ta ba.